Kunama da Ɗuri: Tarihin Bindiga a Hannun Hausawan Duwala

A zauren gidan da na tashi, a unguwar Hausawa ta New Bell cikin birnin Duwala, akwai wata doguwar bindiga rataye bisa ƙusoshi biyu sama da ƙofar shiga cikin gida, wadda tsatsa ta ci bakinta saboda damshin garin nan da ruwansa ba ya ɗaukewa, ƙotarta kuwa ta yi baƙi ƙirin don yawan shan hannu da man ja. Kuma ko da yake duk baƙon da ya zo gaida kakana sai ya ɗaga kai ya dube ta, ba wanda ya taɓa jin tsoronta, domin a gefenta na dama, inda ya kamata a ga kunama da 'yan ƙarafan da suke aiki tare da ita, babu kome sai rami a jikin itace. Kakana, Allah ya jiƙansa da rahama, shi ya cire ta da hannunsa a shekarun tashin hankali, ya naɗe ta a tsumman da ya sha mai, ya ajiye ta can ƙarƙashin adakarsa. In na matsa masa da tambaya sai ya ce, "Kai dai, ɗan nan, hukuma ba ta da rigima da bindiga sai da kunamarta. In babu ita, ai bututu ne da sanda."

Na daɗe ina ɗaukar wannan a kan zancen tsofaffi, har sai da Allah ya ƙaddara, bayan furfura ta fara fito mini, na karanta ƙa'idodin da ƙungiyoyin duniya suka shimfiɗa wa gasar harbi da ƙaramar bindiga, sannan na gane cewa tsohon nan ya taɓo asalin mas'alar. Gama manyan abubuwan da alƙalan wannan gasa suke tsananta bincike a kansu, kafin su yarda da makin da mutum ya ci, biyu ne: nauyin kunama da ƙarfin ɗuri. Kunama da ɗuri kuwa su ne ainihin abin da Turawan mulkin mallaka suka gina hukuncinsu a kai sa'ad da suka zauna suka raba irin bindigar da Bature zai riƙe da irin wadda za a bar wa baƙar fata, kuma a bakin kogin Wuri, inda nake zaune ina wannan rubutu, aka zartar da wannan hukunci a kan iyayenmu.

Masana lugga sun nuna cewa sunayen kayan nan daga Larabci muka aro su, bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, wato darma. Wannan shaida ce a kan cewa ta hanyar Hamada muka fara saninta, tun kafin ta yawaita ta bakin teku. Amma kunama tamu ce. Wanda ya fara raɗa sunan ya dubi ƙarfen nan da ya lanƙwashe, ya ɗaga kai yana jiran sara, ya tuna da wutsiyar kunama a ƙarƙashin dutse, kuma a ganina ba a taɓa raɗa wa wani ƙarfe sunan da ya dace da halinsa kamar wannan ba. A Barno, Imam Ahmad bin Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Alauma yana da 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16. Littafin tarihin sarakunan Kano kuma ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne farkon sarkin Kano da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Duk da haka, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya tashi a 1804 da baka da kibiya da mashi da takobi aka yi shi, kuma sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita a fadodi, galibi a hannun bayin sarki, domin barde mai doki yana ganin ƙasƙanci ne ya sauka ya tsaya yana ɗuri. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya yi fice a wannan babi, har ana zuba masa igwa ana haɗa masa albarushi a cikin birnin Zinder.

A shekarar da Tanimu ya rasu ne, ranar 12 ga Yuli 1884, sarakunan Duwala, Ndumbe Lobe Bell da Sarki Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da wakilan kamfanonin Hamburg guda biyu, Woermann da Jantzen & Thormählen, bayan kwana biyu kuma Gustav Nachtigal ya ɗaga tutar Jamus. Kafin wannan, mutanen Duwala sun daɗe suna dillanci tsakanin jiragen Turawa da mutanen cikin ƙasa, suna karɓar tufafi da gishiri da barasa da bindigogi da gangunan albarushi bashi, suna biya da man ja da ƙwarar manja da haure. Watan Disamba na shekarar bai ƙare ba sai da jiragen yaƙin Jamus a ƙarƙashin Admiral Knorr suka yi ruwan wuta a kan garin Hickory, wato Bonaberi ta yanzu, inda sarkin garin, Lock Priso, ya ƙi yarda da yarjejeniyar. Hauren nan kuwa, shi ne ya haɗa hanyarmu da tasu, domin fataken Hausawa sun riga sun gangaro daga Yola da Ngaundere da Banyo da Tibati suna saye suna hawa da shi arewa, har Turawan bakin teku suna kukan cewa ayarin Hausawa yana janye musu kaya. Da Jamusawa suka buɗe hanya da ƙarfin bindiga, sai fataken suka bi sawunsu zuwa Yawunde, daga nan suka sauko teku, da goro da shanu da wuƙar fawa da allo da tawada.

To, a ranar 2 ga Yuli 1890 manyan dauloli suka sa hannu a birnin Brussels a kan wata yarjejeniya da aka ce maƙasudinta kashe cinikin bayi, a cikinta kuma aka saka babi na makamai wanda ya shafi duk ƙasashen Afirka da suke tsakanin daraja ta 20 arewa da daraja ta 22 kudu da tsakiyar duniya, wato har da ƙasar Hausa da Kamaru baki ɗaya. Hukuncin shi ne, duk makamin da aka sauke daga jirgi sai a kulle shi a sito na hukuma. Bindiga mai murɗaɗɗen zane a cikin bututunta, da wadda ake ɗurawa ta gindi, da mai cin harsashi da yawa, ko a haɗe ko a warwatse, tare da harsasanta da 'yar hular tagulla da take tayar da wuta, ba za su fita ba sai zuwa hannun wanda hukuma ta amince da shi, bayan an rubuta sunansa an buga wa bindigar hatimi. Abin da aka halatta a fitar don sayarwa kawai shi ne bindiga mai ƙanƙara, mai santsin bututu, da albarushin kasuwa. Wanda ya lura zai ga cewa dukan hukuncin ya rataya ne a kan yadda wuta take tashi da yadda ɗuri yake shiga. A lokacin, 'yar hular tagulla ta kusa shekara 70 tana aiki a Turai, tun bayan da wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar dabarar tayar da wuta da bugu a 1807, harsashi mai kwanson tagulla kuma ya riga ya game rundunoninsu, bindiga mai jigida ta Maxim ta fito. Mu kuwa aka tsayar da mu a kan ƙanƙara da ƙyastu. A 1908 ma aka ƙara wata yarjejeniya a Brussels ɗin, wadda ta dakatar da shigo da makamai na wasu shekaru a wani yanki da Kamaru take ciki.

Adalci ya wajabta mini in faɗi cewa hujjar da suka kafa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin bindigogin kasuwa sun yi aiki a hare-haren kamun bayi, har a ƙasar Adamawa da kudancinta, kuma akwai hannun mutanenmu a cikin wannan zalunci, wanda ba ya halatta mu ɓoye shi don kare sunan kakanni. Amma wanda ya dubi abin da ya biyo baya, da faɗuwar Tibati a 1899, da kashe Rabeh a Kusiri a 1900, da yadda dawakin Lamiɗo Zubairu suka zube a gaban bindigar Bajamushe Hans Dominik kusa da Marwa a Janairun 1902, da Kano da Sakkwato da Burmi a 1903, ba zai iya musun cewa dokar ta yi wa masu ita wata hidima ta biyu ba, wadda ta fi ta farko amfani a gare su. Har wani ƙaramin gari a Ingila mai suna Brandon ya ci gaba da sana'ar fasa ƙanƙarar bindiga yana aikowa Afirka cikin ƙarni na 20, alhali a ƙasarsu an daɗe da mantawa da ita, maƙeran Birmingham da Liège kuma suna ƙera mana abin da ba za su yarda ɗansu ya ɗora a kafaɗa ba.

A nan ne sana'ar maƙeri ta shigo, kuma a nan nake so in daɗe, domin ita ce ba a rubuta ba. Bindigar kasuwa araha ce da mugun ƙarfe: ƙyastunta yana laushi ya daina ba da tartsatsi, ƙarfen da yake ɗamewa kamar baka a cikinta yana karyewa, 'yar gaɓar da take riƙe kunama tana cinyewa. Ba a mayar da ita Liège gyara, sai dai a kai ta maƙera. Na riski wani tsohon maƙeri a bayan layinmu, wanda a zamanina wuƙaƙen mahauta da ƙugiyoyin rataye nama kaɗai yake yi, amma wata rana da kakana ya aike ni wurinsa sai hira ta kai shi ga aikin ƙuruciyarsa. Ya ɗauki wani guntun ƙarfe da awartaki, ya kafa shi a kan uwar maƙera, ya yanka masa 'yar gaɓa da magagari, ya ce in sa farcena in ji. "Ka ji wannan, yaro? Nan ran mutum yake. In gaɓar ta yi zurfi, sai maharbi ya ja da ƙarfi har bakin bindiga ya kauce, nama ya tafi. In ta yi sama-sama, tuntuɓe kaɗai zai tashe ta, ta kashe na gabansa a hanya." Ya ja magagarin sau ɗaya, a hankali kamar mai gyaran alƙalami, ya hure, ya sake miƙo mini. Ya ce ubangidansa bai taɓa yarda ya wuce ja uku ba tare da ya mayar da kunamar ya gwada ba, kuma gwajin shi ne a ɗana ta babu ɗuri, a buga gindin ƙotar da ƙasa. In ta faɗi da kanta, aikin ya ɓaci, sai a ƙera sabuwar gaɓa, maƙeri kuma shi zai ɗauki asarar. Wannan fa ƙa'ida ce cikakkiya, mai sharaɗi da gwaji da hukunci, sai dai a ƙirjin mutane take, ba ta shiga takarda ba.

Ɗuri kuwa, kowane maharbi shi ne mai haɗa harsashinsa, tilas ba zaɓi ba. Yakan zuba albarushi daga ƙaho ko gora zuwa tafin hannu, ya juye ta baki, ya bi da tsumma ko zaren kaba, ya danna da sandar ɗuri, sannan ya zuba abin da ya samu, darma in akwai, in babu kuwa gutsuren tukunyar ƙarfe ko yankakkiyar ƙusa ko tsakuwa. Ma'auninsa kuma yatsunsa ne, yana duba yatsa nawa sandar ta rage a waje. Da yake albarushin kasuwa ba shi da tabbas, wani buhu mai rai wani matacce, ga damshin kudu yana kashe shi, sai maharba suka saba da ƙara ɗuri don gudun kunya, bututu mai araha kuwa ba ya yafe wannan. Shi ya sa da yawa ba sa kusantar da fuska ga bindiga in za su harba, shi ya sa kuma aka yi mata laƙabin harbi-ka-ruga. A cikin abokan kakana akwai wanda yatsu uku kaɗai suka rage masa a hannun hagu, kuma da su yake jan carbi. Amma daga wannan ƙunci ne maharban giwa suka fito da dabarar da ta ba Turawan da suka gan ta mamaki, wato sango, ɗan gajeren mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga a harba daga kusa, domin sun san tsakuwa da ƙusa ba za su ratsa fatar giwa su kai ga makasa ba. Malamai ma ba su bar abin haka ba, domin magabata ba su san bindiga ba, sai na baya daga cikin Malikawa suka yi saɓani a kan naman da darma ta kashe, wasu manyan malaman Fas suka yi fatawa da halaccinsa in an ambaci sunan Allah, saboda darma tana huda tana zubar da jini, kuma a kan wannan maharbanmu suke.

Bahaushe ɗaya ne kaɗai a Duwala ta wancan zamani ya riƙe bindigar zamani ba tare da fargaba ba, shi ne soja. Tun da Baturen Ingila Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Ikko a 1863 sunanmu ya fita a wannan aiki, kuma da Jamusawa suka kafa 'yan sandansu a 1891 akwai Hausawa a ciki tare da mutanen Dahomey, waɗanda suka yi bore a nan Duwala a Disamban 1893 bayan da muƙaddashin gwamna Leist ya sa aka yi wa matansu bulala a gaban idonsu. Bindigar da aka ba sojojin baƙar fata, Mauser ƙirar 1871, mai cin harsashi ɗaya ce, ita ma tsohuwar yayi a wurin masu ita. Kuma amana ce a hannunsa, ana ƙirga masa harsashi, ba shi da ikon taɓa kunamarta da magagari.

New Bell kanta daga irin wannan rabon aka haife ta. Tun daga 1910 Jamusawa suka ƙudura ƙwace filayen bakin kogi daga mutanen Duwala, su mayar da su can baya, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin mazaunin Bature da na baƙar fata. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya a kan haƙƙin mutanensa har aka rataye shi tare da magatakardansa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta 1914, kuma kafin watan Satumba ya ƙare garin ya faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa. Mutanen Duwala da yawa ba su zauna a sabon wurin ba, sai ya zama matattarar baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da Ewondo da mutanen Ikko da na Dahomey, kowa da unguwarsa da mai unguwarsa. A zamanin Faransawa rabon makamai bai canja asali ba, kuma an ga ma'anarsa ƙarara a Satumban 1945, sa'ad da yajin aikin da ya faro daga ma'aikatan jirgin ƙasa ya game gari, Turawa 'yan kasuwa da ma'aikata suka ɗauki bindigogi suka shiga harbin mutane a tituna. Daga nan sai tarzomar Mayun 1955, wadda aka haramta jam'iyyar UPC a bayanta, sai shekarun dokar ta-ɓaci da binciken gida-gida, sai gobarar unguwar Kongo ta ranar 24 ga Afrilu 1960, wadda har yau tsofaffi ba sa ambatonta sai sun yi salati. A tsakanin waɗannan shekaru kakana ya cire kunamarsa, maƙerin layinmu kuma ya koma ga wuƙaƙe.

A daidai zamanin da wannan ilimi yake shiga rami a wurinmu, a wurin waɗansu sai ya fito fili ya samu mizani. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko a Atina a 1896, ƙungiyar duniya da take kula da shi, wadda yanzu ake kira ISSF, an kafa ta a 1907. A dokarta, ƙaramar bindigar iska da ake harbawa daga mita 10 dole kunamarta ta ɗauki nauyin giram 500 ba ta faɗi ba, ta mita 25 kuwa giram 1,000; gwajin kuma shi ne alƙali ya ɗana ta, ya tsayar da bakinta sama, ya rataya ƙarfen awo a jikin kunamar, ya ɗaga a hankali har nauyin ya bar teburi. In ta faɗi, an hana. Ba su tsaya a gwajin farko ba, bayan an gama harbi ma sai a zaɓi wasu a sake gwada su, don kada mutum ya sassauta ta a ɓoye. Sai gasa ɗaya, ta mita 50, wadda aka bar kunama ba iyaka, ko da numfashin yatsa ne zai tashe ta, ita kuwa an fitar da ita daga Olamfik bayan wasannin 2016. Hikimar a bayyane take ga duk wanda ya ji zancen tsohon maƙerin nan: kunama mai sauƙi tana ƙara dacewa da bara, tana kuma ƙara hatsari, saboda haka aka sa haddi ɗaya ga kowa.

Ɗaya ƙungiyar, IPSC, wadda aka kafa a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka ƙarƙashin jagorancin Jeff Cooper, gasarta ta haɗa sauri da dacewa da ƙarfi, 'yan wasanta da yawa kuma su suke sake ɗura kwansonsu a gida inda dokar ƙasarsu ta yarda. Da yake mai wayo zai iya rage ɗuri don bindiga ta rage shuri ya samu saurin maimaita harbi, sai aka sa lissafi: a auna nauyin ƙwayar harsashi da ma'aunin giren, a ninka shi da saurinsa na ƙafa a daƙiƙa, a raba da 1,000, abin da ya fito kada ya gaza 125. Ana karɓar harsasai takwas daga hannun ɗan wasa, a zare ƙwayar ɗaya a ɗora a sikeli, a harba uku ta gaban na'urar auna sauri. Maharbinmu yana ƙara ɗuri don tsoron kunya, nasu yana ragewa don kwaɗayin maki, kuma magani ɗaya ne ya dace da su duka, sikeli da shaida.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da na koma ga littattafanmu na zaure. Shehu Halilu ɗan Ishaƙu, malamin Masar na ƙarni na 14, a cikin Muhtasar ɗinsa da ake karantawa daga Sakkwato har masallatan New Bell, ya ajiye fasali a kan musabaƙa bayan babin jihadi, inda ya halatta gasa da lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, ya sharɗanta a san wurin tsayawa da bara da adadin dacewa da nau'inta, amma bai sharɗanta a ayyana kibiya ko tsirkiya ba, kowa ya zo da wadda ya so. Wato fiƙihunmu ya ɗaure nisa da ƙidaya ya saki kayan aiki, ƙa'idar zamani kuwa ta ɗaure har da kayan aikin. Ina ganin kowanne yana da hujja a muhallinsa, domin baka ba ta harba kanta, ƙarfinta ƙarfin damtsen mai ita ne, bindiga kuwa maƙeri yana iya saka mata rabin gwanintar da ya kamata ta fito daga hannun maharbi. Da Shehu Halilu ya ga kunama, ina kyautata zaton da ƙiyasi ya kai shi ga auna ta. Abin lura dai shi ne cewa gasar harbi mai sharaɗi da alƙalanci ba baƙon abu ba ne a shari'armu, mun karanta ta shekara ɗaruruwa, ba mu dai ɗauke ta daga kibiya zuwa bindiga ba, kuma a lokacin da ya kamata mu yi haka an riga an kulle siton.

Ba ina kira ne a saki makamai a gari ba, Allah ya kiyaye. Wanda ya ga abin da bindiga ta yi wa Arewa Mai Nisa a Kamaru da ƙasar Zamfara da Katsina a 'yan shekarun nan ba zai yi wannan kira ba. Kamaru tana da dokarta ta Disamban 2016 a kan makamai da harsasai, Najeriya kuma tana da tata tun 1959, wadda har yau take ambaton bindiga mai ƙanƙara da mai hula a rukuninsu na dabam, gadon Brussels ke nan a cikin takardunmu. Abin da yake ci mini rai shi ne cewa 'yan bindigar da suke cika gari da hayaƙi a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya, da na lamiɗai a Garwa da Ngaundere, har yanzu da tafin hannu da yatsa suke awo, kuma ba na ganin mai zuwa ya zauna da sauran tsofaffin maƙera ya rubuta ƙa'idodinsu, ya gwada su da sikeli, ya ware ingantacce daga mai hatsari, don a koya wa yaran da za su gaji al'adar ba tare da sun biya da yatsunsu ba.

Bayan rasuwar kakana, da aka zo rabon gado, aka buɗe adakar, sai ga tsumman nan a ƙarƙashin rigunansa na Sallah. Na warware shi a kan tabarma. Ƙarfen bai yi tsatsa ba ko kaɗan, ƙanƙarar tana nan a bakinsa naɗe da 'yar fata, a jikin farantin kuma ana iya ganin sawun magagari inda wani hannu ya gyara abin da ya zo daga Turai. Na sauko da bindigar, na tabbatar bututun fanko ne, na mayar da kunamar mazauninta na ɗaure. Sannan na ɗana ta, na tsayar da bakinta sama, na rataya ƙaramin bokiti da igiya a jikin ƙarfen yatsa, ƙanena yana tsiyaya ruwa daga buta kaɗan-kaɗan, har ta sara, tartsatsi ya tashi a cikin duhun zauren. Muka ɗauki bokitin da ruwansa zuwa teburin wani mahauci a kasuwa, ya ɗora mana a sikelinsa, ya kusa kilo 4. Da muka dawo na sake ɗana ta, na buga gindin ƙotar da daɓe sau uku kamar yadda tsohon maƙerin ya gaya mini, ba ta faɗi ba. Na kwance ta, na shafa mata mai, na mayar da ita cikin tsummanta.